Kawu Ya Gama da Dodannina

Jama'a, yau manomi ya ci wasan da ya gagare ni wata guda!

Na je Jiratawa, na tarar da Kawu Issufu yana ban ruwa. Na zauna ina wasan yaƙi a salula, dodannin na'ura sun kusa rushe garina. Ya leƙo ya ce, "Kullum ta nan suke zuwa?"

Na ce, "Kullum, Kawu."

Ya ce, "To halin ruwa gare su. Bar tare su, buɗe masu hanya inda kake so."

Na fasa ganuwa gefe guda, na jera maharba. Wallahi layi suka bi, suka ƙare tas!

Kawu ya goge hannu a riga ya ce, "Miƙo nan."

Da salular matarsa nake rubuto maku.