Hula ɗaya, 'yan biyu

Shekarar da tagwayena suka cika uku, Yaya ya dawo daga karatu a Masar. Muna ƙauye kusa da Bukkuyum, ni kuma na zo wuni gidan Inna saboda tarbarsa. Bai taɓa ganin yaran ba sai a waya.

Da aka ci tuwo ya buɗe jaka. Inna ta samu carbi, ni turare. Sai ya zaro wata jar hula ƙarama mai baƙin tuntu, ya ce, "Ga ta 'yan biyu."

Na tsaya ina jiran ta biyun. Ya zuge jaka.

Kowa a wurinmu ya san ba a ba ɗan tagwai abu a bar ɗan'uwansa. Wanda aka hana ba zai yi kuka ba, kunama zai turo maka. Ni shaida ce, don ranar da na raba musu rake na ɗaya ya fi tsawo da gaɓa guda, kafin la'asar kunama ta harbe ni a cikin kwandon gero. Inna ta fizge hular ta tura cikin mayafi, amma ƙaramin ya riga ya gani. Ya tsaya yana kallon Yaya, ko ƙiftawa ba ya yi.

"Kai wanga yaro," in ji Inna, "shekara huɗu kana karatu, ba a koya maka lissahin ɗaya da biyu ba?"

Yaya ya yi dariya ya ce camfi ne, su riƙa sawa karɓa-karɓa. Wai ai ko sarauta an taɓa yin tarayya a kanta, balle hula. Ya ciro waya ya nuna mana bangon wani tsohon ɗakin bauta da suka ziyarta, dutse ne an sassaƙe shi da mutane. Ya ce waɗannan biyun sarakuna ne, lokaci guda suka mulki ƙasa ɗaya, ba a ji kansu ba.

Inna ta yi a'uziyya ta kau da kai, wai ba ta kallon dangin Fir'auna bayan cin abinci. Ni kuwa na karɓa. Aji uku na tsaya a firamare, amma ido ina da shi. Na buɗa hoton da yatsu biyu. Tsayinsu ɗaya. Ƙafar da wannan ya sa gaba ita wancan ya sa. Sandar hannunsu ma kamar an gwada.

Na ce, "Yaya, sa'o'in juna ne?"

Ya ce a'a, na gaban ma mace ce babba, gemun na ɗaurawa ne, na bayan kuma yaro ne ƙarami, ɗan mijinta, ta riƙe masa mulki kafin ya girma.

"To mi ya sa mai sassaƙa bai rage wa yaron tsawo ba?"

Ya ce don kada a ce ɗaya ya fi ɗaya.

Na miƙa masa wayar na ce, "Duba kawunansu, malam. Huluna nawa ka gani?"

Ya duba. Ya sake dubawa. Inna ta manta da a'uziyyarta ta leƙo ta bayan kafaɗarsa, ta saki guɗa. "Biyu! Ko arnan dauri sun san a yi wa kowa tashi. Sai kai, mai digiri!"

Ranar kasuwar Gummi Yaya ya hau babur da hular a aljihu. Bai samu irinta ba. Wani tela ya yanka jan yadi ya ɗinka biyu, ya warware tuntun ya raba. Kafin yaran su gani sai da na shiga ɗaki na ƙirga zaren, na tarar ɗaya ya fi da sili uku, na tsige su da haƙori.

Muka tsaya ni da Inna, kowa da hula a hannu, muka ɗora musu lokaci guda. Ƙaramin ya shafa tasa, ya shafa ta ɗan'uwansa, sannan ya je ya haye cinyar Yaya ya zauna.

Duk da haka sai da na yi sati ina kakkaɓe kwandon gero da muciya kafin in sa hannu.