Ku Bar Sunan Garba Ya Huta

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayana Garba makwancinsa a Argungu, kuma ban taɓa jin ana yabonsa kamar bana ba. Abin haushi, masu yabon su ne suka ƙi shi yana da rai. Ihu ne bayan hari.

Garba mai zane ne. Sunayen shaguna da bayan manyan motoci yake rubutawa a Birnin Kebbi, ragowar fentin kuma ya zana abin da ransa ke so a kan katako. A lokacin, in ba ka zana masunci da gora da giwan ruwa ba, ba a kiranka mai zane. Shi kuwa sai ya zana matan Zauro suna turara shinkafa, ya zana wani ɗan kudu mai kayan babur a Nassarawa yana gyangyaɗi. Gulbi ma ja ya yi shi. Da wani babba ya ce ruwa ba ja ba ne, Garba ya ce, "Ranka shi daɗe, ran da ambaliya tac ci gonarmu, haka nig gane shi." Duk shekara daga baje kolin zane na Sakkwato ake maido masa da kayansa.

Yau yara sun taso, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wani buhun albasa yake mannawa, wani ajami ya mayar ado, wata launi zalla take jerawa, ba mutum ba dabba. Wannan ta ƙarshen Hajara ce, ɗiyar Garba. Watan jiya aka maido mata da aikinta, wai ta kauce wa salon marigayi. Salon da suka kora!

Da yana nan, na san dariya zai yi har da hawaye. Ni ban yi dariya ba, don yarinyar ta zo mini jiki a sanyaye, ta ce, "Baffa, ko in koma yin irin na Baba, ko in bari gaba ɗai?"

To, masu baje koli, ku ji da kyau. Garba bai bar salo ba, taurin kai ya bari, kuma ba a hannunku ya bar shi ba. Akwai katakon da ajali ya riske shi bai gama ba, wanda kuka sha roƙona in ba ku ku rataye. Na miƙa wa Hajara, na ce ta ƙarasa shi yadda idonta ya gani.

Ta ƙarasa. Rabi nasa, rabi nata, kuma ba su yi kama ba ko kaɗan.