Buzuzu da Ƙwaron Wake

A Kutama, bayan an kai wake rumbu, kakarmu Iya Dije kan hura wuta da karan dawa bayan magariba, mu jikoki mu kewaye ta. Hannunta ba ya zama banza. Tana ɓare kwanson wake tana ba mu tatsuniya.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta buzuzu da ƙwaron wake. Ta ce 'yan uwa ne. Buzuzu yana makiyaya, baƙi, ƙato, yana mirgina kashin shanu da ƙafafun baya ya binne a ƙasa, duk mai wucewa ya toshe hanci. Ƙwaron wake ɗan mitsitsi ne, tsaf-tsaf, a cikin ƙwayar wake aka haife shi, a rumbu yake kwana. Da rani ya tsananta, buzuzu ya je neman mafaka. Ƙwaro ya leƙo ta hudarsa ya ce, "Koma, wari kake." Shi kuwa ya ci gaba da ci yana haihuwa, har waken ya zama gari. Mai gida ya buɗe rumbu, ya ga abincin shekara ya tafi, yaransa suka yi ta kwana da yunwa har damina.

"To wanne ne ƙazami?" in ji Iya.

"Buzuzu mana," in ji yayana.

"Kai dai da hanci kake tunani. Inda buzuzu ya wuce, gero yakan yi kyau."

Na girma, na zama ɗan kasuwar wake a Gwarzo, daga kwano har na kai ga sito. Wata shekara ƙwaro ya shiga buhunana. Iya da toka da barkono take adana nata, ni na ga hakan jinkiri ne. Na ɗauko maganin feshin gona na yayyafa, na ɗinke. Ƙwaro ya mutu, waken ya yi kyau.

Malam Sani, mai koyarwa a Islamiyya ta Gammo, ya auni kwano uku na waken nan a wurina. Gidansa duka suka kwanta da amai. Ƙaramar 'yarsa ba ta tashi ba. Aka ce ruwan rijiya ne. Na je ta'aziyya, na zauna a tabarma, na bar laifin a kan rijiya. Ragowar buhunan na ƙone su a bayan gari.

Sai a lokacin na gane abin da Iya take nufi. Mai ɓarnar da ya fi muni yana cikin gida, fes da shi, ba mai ƙyamarsa.

Har yau Malam Sani a wurina yake awo. Ran kasuwar da ta wuce ya damƙi waken, ya duba, ya ce, "Alhaji, shi ya sa ba na zuwa wurin kowa. Kai mutum ne mai tsabta."