Kifayen Kawu

Kawuna ya yi shekara ashirin da shida a masana'antar rinin yadi, amma bai taɓa rina ko ƙyalle ba. Aikinsa yana can bayan gini, inda ruwan da aka gama rini da shi yake taruwa a manyan kwatamai uku na siminti kafin a sake shi cikin rafi. Shi ke zuba farar ƙasa da maganin da ke kwantar da dauɗa, ya jira, ya auna, ya rubuta, sannan ya buɗe bututu. Inna, matarsa, ba ta tambayarsa yadda aiki ya kasance. Wuyan rigarsa take dubawa, ta san launin da aka rina ranar.

Shekarar da lasisin zubar da ruwan masana'antar zai ƙare, hukumar muhalli ta ƙara sharaɗi. Ban da awon sinadarai, za a saka ƙananan kifaye goma cikin ruwan su yi kwana huɗu. In tara suka rayu, an ci. Jami'ar hukumar ta zo ta ɗebi ruwa, bayan mako guda ta aiko da takarda: duka goman sun mutu kafin la'asar ɗin ranar farko. Aka ba masana'antar wata uku, ko ta gyara ko a toshe bututun.

Manaja ya kira Kawu ofis.

“Ba kai ka ce lambobinmu duk daidai suke ba?”

“Daidai suke, ranka ya daɗe. Kifin ne bai iya karatu ba.”

Manaja ya rage murya, ya ce ranar awo sai a ƙara ruwan famfo a kwatamin ƙarshe. Kawu ya ce shafi na huɗu na lasisin ya hana, kuma shi ke sa hannu a takardar awo. Ya zaro biro daga aljihu ya ajiye a tebur.

“In yallaɓai zai sa nasa hannun, ga shi.”

Manaja bai ɗauka ba.

Magudanar ruwa goma sha ɗaya ke shiga kwatamin farko. Kawu ya sayo 'ya'yan kifi a wata gona, ya kwashe kwalaben Inna masu faɗin baki, ya liƙa wa kowace lamba, ya zuba mata ruwan magudana ɗaya, ya saka kifi a ciki. Sauran kifin ya zuba su a bahon wankanmu. Lokacin a gidansa nake zaune ina karatu.

“Baban yara,” in ji Inna, “mu kuma da me za mu yi wanka?”

“Ki yi haƙuri, baƙi ne. Ba za su daɗe ba.”

Da yawansu kuwa ba su daɗe ɗin ba. Kowace safiya Kawu yakan tsame matattun da cokali, ya binne su a gindin katangar masana'anta. Bai ce ya damu ba, amma tsawon watannin nan ko an dafa kifi a gida, miyar kawai yake ɗiba.

Kowa ɗakin rini yake zargi, don ruwansa baƙi ƙirin ne. Amma kifin da ke cikin kwalbar ruwansa suka yi kwana huɗu suna ta iyo. Kwalba ta tara, mai ruwa garai-garai daga ɗakin naɗe yadi, ita ta kashe nata cikin awa ɗaya. Ashe tun shekarar da ta wuce aka fara fesa wa yadi maganin fumfuna a can, ana wanke durom-durom ɗinsa a magudanar. Sunan maganin ba ya cikin jerin abubuwan da ake aunawa.

Shugaban ɗakin naɗe yadin abokin Kawu ne na shekara ashirin. Ya yi mako biyu ba ya amsa masa gaisuwa. Kawu ya ci gaba da gaishe shi kullum, a daidai wurin da ya saba.

Aka daina wanke durom, ana mayar wa mai sayarwa yadda suke. Ruwan magudanar kuma aka bi da shi ta wani tanki cike da gawayi na musamman. Gwajin Kawu na farko shida suka rayu. Ya rage gudun ruwan, takwas suka rayu. Ya sake ragewa, har masu naɗe yadi suka fara ƙorafin ruwa na kwanciya musu a ƙafa.

Saura kwana tara wa'adi ya cika jami'ar ta dawo. Sakamako ya fito: tara sun rayu. Kawu ya buga mata waya ya tambayi abin da ya kashe na goman.

“Baba, tsalle ya yi ya faɗo ƙasa.”

“To, wannan ba daga wajenmu ba ne,” in ji Kawu.

Aka saka lasisin a gilashi aka rataye a ofishin Manaja. Kawu aka ba shi sabon takalmin roba, ya yi masa girma, ya cusa tsumma a ciki.

Bayan shekara huɗu ya yi ritaya saboda ciwon gwiwa. Duk Talata yakan hau mota ya je masana'antar. Sabon mai gadi ba ya barin kowa ya shiga sai da kati, don haka Kawu yakan zagaya ta bayan katanga, ya tsaya a bakin rafi ya duba abin da ke fitowa daga bututun, ya sunkuya ya shinshina, sannan ya dawo gida kafin azahar.