Sista Mai Fanka da Uwar da Ta Ƙi Shigowa

Kafin likita ya iso, Sista ta riga ta janye bencin jira daga bakin taga, ta kunna fanka, ta jera ruwan sanyi. Masu ciwon Em-Es, wanda garkuwar jiki ke juyowa ta ci rigar jijiyoyi, ba sa shiri da zafi. Rana kaɗan sai ƙafa ta yi nauyi, ido ya dushe. Su suka laƙaba mata Mai Fanka. Faɗa kuwa ba a magana! Ka tsallake magani, har bakin titi za a jiyo ta.

Wata tela da ke zuwa wurinta ta ba da labarin abin da ya faru da ita. Da ciwon ya kama ta, aka ɗebi jinin 'yan gidansu don binciken gado. Mahaifiyarta na jin an ce gado, shi ke nan, ta ɗora wa kanta laifi, ta daina haɗa ido da 'yarta. Takan rako ta asibiti amma ta toge a baranda. Telar ta ce ciwon bai ƙona mata rai kamar ja da bayan uwarta ba.

Sista ta lura. Ran nan ta jawo kujera ta zauna kusa da tsohuwar.

"Mama, me ya hana ki shiga?"

"Da wane ido? Ni na sa mata a jini."

"Haba Mama! Ba abu guda ba ne da uwa ke miƙa wa ɗa. Ƙananan bambance-bambance ne barkatai a halitta, ta wajen uwa da uba, kowanne ɗan ƙara haɗarin kawai yake yi. Mutane da yawa na ɗauke da su lafiya lau. Ko tagwaye masu kama ɗaya, sau tari ɗaya ce ke kamuwa, ɗayar garau. Tashi ki riƙe min 'yarki, allura zan yi, ba ni da mataimaki."

Ga ma'aikata nan zaune fa! Tsohuwa ta shiga, ta kama hannun 'yarta, sai kuka. Allurar nan sai da ta jira.

Sista, ke ce mai duba marar lafiya har da wanda ya rako shi. Yau da kike ajiye aiki, wallahi zukata sun yi nauyi. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, ku koyi wannan idon nata.

Telar ta ce a gaya miki: yanzu Mama ce ke tsefe mata kai, tana yi tana mita kamar da.