Wayar da Ban Jona wa Rabi Ba

Wata Laraba da la'asar, cikin babban hutun shekarar da na gama aji biyar, ƙanwata Rabi ta tsaya a zauren gidan su Lawali, maƙwabcinmu a Birni, ta ce ita ma a ba ta ta buga wasan tele da muke yi. Mun kai mu goma a gaban tele, ƙafafunmu duk ƙasar filin ƙwallo. Shekararta bakwai, kitsonta ya tsufa, ga guntun rake a hannu. Ta faɗa musu ba ko kunya cewa a gidanmu ita ce gwanar wasan, kullum sai ta kai gidan dodo na ƙarshe. Ni kaɗai a wurin na san yadda take kaiwa.

Kawunmu ne ya kawo mana tamu na'urar wasan daga Libiya, da kaset ɗaya rawaya da abin dannawa biyu da muke kira manet. In kaset ya ƙi tashi sai mu zare shi mu hura masa iska, mu goga a riga, mu mayar da bismillah. Wasan da muka fi so na wani ɗan mutum ne mai gudu yana tsallake ramuka, rai uku gare shi, in sun ƙare ka koma farko. Inna kuwa ta kafa doka. Ba mai kunna tele sai na turo jarkokin ruwa daga famfon unguwa, inda layi kan cinye rabin safiya, na kuma ba awaki dusa. Bayan haka ta kan ƙara da cewa, "In ba da Rabi ba, a kashe." Ni kuma ina ganin wahalar ruwan nan tawa ce, ga wuta da ake ɗaukewa ba sallama, ina dalilin da yarinya za ta ƙarar mini da rai uku a ramin farko?

Sai na yi dabara. Na miƙa mata manet na biyu, na cusa bakin wayarsa ƙarƙashin tabarma ban jona ba. Ni nake buga komai, ita tana dannawa da dukan ƙarfinta, harshe a waje, jikinta na karkata duk inda ɗan mutumin ya yi tsalle. In ya faɗa rami na ce laifina ne, in ya haye na ce ita ce. Wata biyu muna haka. Har Inna ta riƙa yi mata kirari tana tankaɗe, ni kuma ina jin kaina wani mai wayo.

A zauren su Lawali aka ba ta manet mai aiki. Ɗan mutumin ya taka ya faɗa ramin farko, ya sake, ya kuma sake. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Zaure ya ɗauki dariya, wani ya ce a ba Gwana hanya ta wuce. Ta juyo ta dube ni, idonta ya cika, ta ce, "Yaya, gaya musu. Ai a gida ina iyawa." Magana ɗaya ce da zan yi dariyar ta dawo kaina, kuma na san ta. Na dubi abokaina, na ɗaga kafaɗa, na yi dariya tare da su. Ta ajiye manet ɗin a hankali ta fita, ta bar rakenta a ƙasa. Sunan Gwana ya bi ta har lakwal, wato makaranta, kuma ba ta sake zama gaban wasan ba, ko da na yi ta lallashi.

Yanzu wasannin nan sun dawo cikin wayar salula. In mun haɗu da su Lawali wurin shayi sai a yi ta yabonsu, wai na yau duk kyan hoto ne, na da su ne wasa. Ina yarda, ina ma kewar ƙarar kiɗansu, amma ni ba na daɗewa cikin wannan hira. Bara matan unguwarsu suka so Rabi ta shugabanci ƙungiyarsu ta masu ɗinki, don duk cikinsu ba wadda ta kai ta iya aiki, ta ƙi. Da na tambaye ta dalili sai ta yi murmushi ta ce, "Kai ma ka san ni, Yaya. Tun ranar gidan su Lawali, in mutane na kallo hannuna mutuwa yake." Ban ce wasan tele kaɗai ya mai da ita haka ba, amma abin da ta riƙe ke nan shekara da shekaru, kuma ƙarya ce da ni na ƙera mata. Ta tsaya tana kallona kamar mai jiran amsa, ni kuwa na tambaye ta lafiyar yara. Ina da furfura a gemu yanzu, kuma har yau ban gaya mata ba.