Matafiyin da Yaya Mu bai zana ba

Ranar tara ga watan Nuwamba, da hantsi, 'yarka Lanying ta shigo shagona a garin Tunxi ta ce ka rasu, Yaya Mu Jinghe. Ina cikin dama kokon alkamar da nake manna zane da shi. Na ajiye ludayin, ban sake ɗaukarsa ba ranar.

Shekara da shekaru kana zana duwatsu, ina manna su a jikin siliki, muna gardama. Nakan ce rowar tawada ke damunka, tunda rabin takarda kake bari fari fat. Kakan yi dariya ka ce farin nan hazo ne, kuma dutsen da aka nuna shi duka ya zama tudu. A bakinka na ji cewa babban dutse maigida ne, ƙananan baƙinsa, karkataccen itacen da sanyi ba ya kaɗe wa ganye kuwa tsoho ne mai haƙuri. Da matata ta rasu ba ka cika ni da magana ba. Shayinka mai ɗaci ka kawo, da zanen wata bukka, ƙofa a buɗe, hayaƙi na tashi. Yau har ɗacin shayin nan nake kewa.

Abin da kake sawa a ƙarshen kowane zane shi ne matafiyi da sandarsa, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ka ce in babu shi zane bai kammala ba.

Jiya Lanying ta kawo zanenka na ƙarshe, tana so ta rataye wa masu zuwa gaisuwa.

“Baffa, ga hanya, ga gada, amma babu mutum,” in ji ta. “Don Allah ka sa masa, kada a ce Baba ya bar aiki rabi.”

Har na jiƙa buroshi. Na bi hanyar da ido, ta haye gada, ta hau, ta shige hazo. A nan na ga sandar, jingine da wani karkataccen itace.

Na ce, “'Yata, bai bar aiki rabi ba. Matafiyin ya riga ya wuce.”

Allah ya jiƙanka, Yaya Mu, ya sa ka huta. Allah ya ba Lanying da jikokinka haƙurin rashi. Zan manna zanen yadda ka bar shi, da farinsa duka. Wannan karon ba ni da gardama.